Iyaye da Masu Neman Jin Ra'ayi Kafin Zaɓe

[Kiɗan buɗe shiri. A sassauta.]

  

Yau za mu yi magana ne a kan wani baƙo da ke yawaita a unguwanni idan zaɓe ya ƙarato. Ba ɗan takara nake nufi ba, ba kuma masu rabon atamfa da taliya ba. Saurayi ne ko budurwa, da kati rataye a wuya, da takarda ko waya a hannu. Zai yi sallama ya ce ana neman iyaye takwas ko goma su zo a zauna na awa biyu, a tattauna halin da ake ciki. Akwai ruwa da lemo, akwai kuɗin mota. Wani da ya ji haka sai ya ce 'yan damfara ne, ya ja ƙofarsa ya rufe. Wani kuma kuɗin motar kaɗai ya ji, ko tambaya ɗaya ba zai yi ba. Duka biyun sun yi garaje. Irin wannan zama sanannen aiki ne a duniya, yana da ƙa'idojinsa, kuma hanya ce da maganar talaka kan isa kunnen mai neman mulki. Sai dai akwai masu fakewa da shi su yi wata sana'ar daban. Kafin mu rabu yau, ina so kowane uba da kowace uwa su iya rarrabe na gaske da na bogi tun daga bakin zaure.

Hanyoyin jin ra'ayin jama'a manya guda biyu ne. Ta farko ita ce a tambayi mutane da yawa tambaya iri ɗaya, a ƙidaya amsoshi. Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, takan tambayi mutum 1,200 zuwa 2,400 a ƙasa guda, kuma a Najeriya ta yi aiki tare da kamfanin NOIPolls na Abuja. Wannan hanya za ta gaya maka mutum nawa cikin ɗari suka ce sun gaji da gwamnati. Amma me ya gajiyar da su? Wace magana ce za ta sa su saurara, wacce ce za ta sa su kashe rediyo? Ƙidaya ba ta da wannan amsa. Shi ya kawo hanya ta biyu: a tara mutum shida zuwa goma masu kama da juna a rayuwa, a zaunar da su awa ɗaya da rabi ko biyu, a jefa musu tambaya, a bar su su yi hira a tsakaninsu, wani yana rubuta abin da suke faɗa.

A gidan rediyo aka haifi wannan dabara. A shekarar 1941, wasu malamai biyu na Jami'ar Columbia a Amurka, Paul Lazarsfeld da Robert Merton, sun shiga ɗakin da aka tara masu sauraro ana kunna musu wani shiri. Kowa da maɓalli biyu a gabansa: kore idan abin da ya ji ya yi masa, ja idan bai yi masa ba. Da aka gama sai wani ma'aikaci ya shiga tambayarsu dalili. Merton ya lura mai tambayar yana cusa wa mutane amsa a baki, ya faɗa wa abokinsa. Lazarsfeld ya ce to, ga wani rukuni nan tafe, kai ka gwada mu gani. Daga nan Merton ya tsara yadda ake irin wannan hira, aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu wajen gwada finafinan da ake nuna wa sojoji. Bayan yaƙi kamfanonin sabulu da na mota suka ɗauka, daga bisani 'yan siyasa suka ga ai su ma haja gare su. Ku riƙe abin da Merton ya gani a ranar farko, domin har yau da shi ake gane zama nagari: ba a sa wa mutum magana a baki.

To me ya sa iyaye musamman?

Saboda duk abin da gwamnati ta yi ko ta ƙi yi, a kan uba da uwa yake sauka. 'Yan siyasar ƙasashen waje sun daɗe da gane haka. A zaɓen Amurka na 1996, masu yi wa Bill Clinton dabarun kamfe sun sa ido a kan matan aure na bayan gari masu jigilar yara makaranta da filin ƙwallo. Sai aka ji shugaban ƙasa guda yana maganar kayan makaranta iri ɗaya ga ɗalibai, da hana yara shan taba, da na'urar da iyaye za su toshe wa yara wasu shirye-shiryen talabijin. Ƙananan abubuwa ne a idon manyan 'yan siyasa, amma su ne ke damun uwa. A Birtaniya kuma, Philip Gould, mai ba Tony Blair shawara, ya yi suna wajen zama da kansa da ƙananan rukunonin masu zaɓe da daddare. Da zaɓen 1997 ya zo, cikin alkawura biyar da jam'iyyar Leba ta buga a ɗan kati har da cewa ajin yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai ba zai wuce ɗalibi 30 ba.

Mu dawo gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Uba ne ya san nawa yake kashewa a kan wannan kyautar: kuɗin PTA, littafi, inifom, kuɗin tara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, uwa ce ta san nawa mai adaidaita yake karɓa ya kai yara uku makaranta ya dawo da su. Idan aka ambaci Chibok, Dapchi, Ƙanƙara, Jangebe ko Kuriga, inda aka sace ɗalibai, wani labari kawai yake ji, amma mai ɗiya a makarantar kwana gabansa ne ke faɗuwa. Ga kuma lissafin ƙuri'a. Rajistar hukumar zaɓe, INEC, ta zaɓen 2023 tana da mutum miliyan 93 da 'yan kai, kashi 47 da rabi cikin ɗari mata ne, kimanin miliyan 13 kuma sun rubuta sana'arsu a matsayin matan gida. Duk da haka waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kimanin kashi 27 ba. Ɗan takara mai hankali yana so ya san me ya zaunar da sauran a gida. Ya kuma san cewa a gidajenmu maganar maigida ko ta uwargida takan ja ƙuri'a biyar ko goma, abin da aka faɗa a gidan suna ko wurin zubin adashi kuma yakan zaga unguwa kafin magariba.

[Kiɗa na ɗan lokaci.]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan zaman jin ra'ayin iyaye kafin zaɓe. Bari mu tsaya a ƙofar gida mu ga yadda mai aikin gaskiya yake zuwa.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, samari. Daga ina?"

"Daga kamfanin bincike kaza nake, Baba. Ga katina, ga lambar ofishinmu, kana iya kira ka tabbatar. Muna neman iyaye masu yara a firamare, za a yi zama ranar Asabar bayan la'asar. Ba dole ba ne. In ka ba ni dama zan yi maka 'yan tambayoyi in ga ko kana cikin waɗanda ake nema."

Kun ji ya faɗi sunan inda ya fito, ya nuna shaida, ya ce ba dole. Sannan sai tambayoyin tantancewa. Akwai yara 'yan ƙasa da shekara 18 a hannunka? Makarantar gwamnati suke, ko ta kuɗi, ko ta allo? Ka yi rajistar zaɓe? A baki zai tambaya, a baki za ka amsa. Ka fita zaɓen da ya wuce? Ka riga ka tsayar da wanda za ka zaɓa, ko kana nazari tukuna? Kai ko wani a gidanka yana riƙe da muƙamin jam'iyya, ko yana aikin jarida? Ka halarci irin wannan zama a 'yan watannin nan?

Mai yiwuwa bayan wannan ya ce, "Baba, na gode, wannan karon ba ka cikin rukunin." Kada ranka ya ɓaci, ba raini ba ne. Wataƙila masu yara a sakandare ake nema, ko waɗanda ba su yanke shawara ba, domin su ne 'yan takara suka fi kwaɗayin jin ta bakinsu. Shugaban jam'iyya na mazaɓa an riga an san abin da zai ce. Wanda kuma ya mai da halartar zama sana'a ya koyi faɗin abin da ake son ji. Haka nan sukan gayyaci mutum goma sha biyu don su sami takwas ko goma, saboda ba a rasa mai uzuri. Idan kowa ya zo, sai a sallami ɗaya ko biyu da kuɗin motarsu cikin mutunci.

Yanzu kuma ina magana da ku, matasanmu da ake ɗauka wannan aiki na nemo mutane, da ku shugabanninsu. Duk zaman a hannunku yake, domin wanda kuka kawo shi za a ji. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je wurin mai unguwa ka ce a ba ka mutum goma. Gaishe da mai unguwa wajibi ne, sanar da shi abin da ya kawo ka ladabi ne kuma kariya ce gare ka. Amma idan ka bar masa zaɓen, ƙaninsa zai turo maka, da surukinsa, da masu zama a ƙofar gidansa. Ku dubi mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau: ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu, sai ya soka ɗan ƙarfen nan mai rami a tsakiya da gindi ya ga abin da zai zubo. Haka za ku yi wa unguwa. Ku tsaya a ƙofar makaranta lokacin tashi, ku je asibitin sha-ka-tafi ranar awo da riga-kafi, ku nemi izinin malama a Islamiyyar matan aure, ku shiga lungun da mota ba ta shiga, ku leƙa ruga, ku je Sabon Gari. Idan WhatsApp kaɗai kuka yi shela, kun ajiye duk wanda ba shi da babbar waya, su kuwa su ne mafiya yawa.

Ku kuma faɗaɗa fahimtarku game da wane ne uba, wace ce uwa. Kaka mai riƙon jikoki uwa ce. Bazawara mai marayu huɗu ta fi kowa sanin farashin magani. Kawun da ya ɗauki 'ya'yan ɗan'uwansa, da mutumin da rikici ya koro daga ƙauyensu yana haya a gefen gari, da wanda ya tura ɗansa almajiranci, da makaho mai iyali, duk suna da abin faɗa. Kuma kada ku je wurin hedimasta ku ce ya ba ku rajistar iyaye da lambobin wayarsu. Malamai, ku ma kada ku bayar. An ba ku lambobin nan ne don sha'anin karatun yara.

Sai yadda ake haɗa rukuni, wanda nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe a ƙasar Hausa. Maza daban, mata daban, kuma mace ce za ta jagoranci zaman mata. Ba a haɗa suruki da surukinsa, ba a haɗa kishiyoyi, ba a haɗa mai gida da ɗan hayarsa, ko ubangida da yaron shagonsa. Idan aka zaunar da dattijo mai furfura cikin 'yan shekara talatin, da ya ce "to, ni dai a ganina," magana ta ƙare, sauran sai "haka ne, Baba." Mai tambaya kuma ta san kunya: kada ta tsare baiwar Allah a gaban mutane ta ce sai ta faɗi sunan ɗanta na fari. Ta ce "babban yaronki" ya wadatar.

Lokaci ma abin lura ne. Matan aure sun fi samun sarari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora sanwar rana. Manomi da damina ba a nemansa da safe. A kauce wa ranar kasuwa, da lokacin sallar Juma'a, da safiyar Lahadi ga masu zuwa coci. A sanar da mace da wuri yadda za ta shawarci maigidanta, a yarda ta zo da goyonta, a kuma yarda wani nata ya rako ta ya jira a waje. Wurin zama ya kasance na kowa da kowa. Ofishin jam'iyya bai dace ba, gidan ɗan takara bai dace ba, fada ma ba ta dace ba, domin a can mutum yakan auna harshensa.

[Kiɗa na ɗan lokaci.]

To, ka amsa gayyata, ka je. Me za ka tarar? Kujeru ko tabarma a zagaye, mai jagorantar zama, da wani a gefe da littafi, da ƙaramar na'urar ɗaukar murya a tsakiya. Kafin a fara dole a yi maka bayani da harshen da kake ji: me za a tattauna, awa nawa za a yi, za a ɗauki murya ko hoto, wa zai saurara, kuma ba za a fitar da sunanka ba. A wasu ofisoshin manyan birane akwai madubin da ake kallon ɗaki ta bayansa. Idan akwai masu kallo, haƙƙinka ne a gaya maka. Idan aka miƙo takardar amincewa, ka karanta. In ba ka karatun boko, ka ce a karanta maka, ko wanda ka yarda da shi ya duba, kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.

Kana iya tambaya, "Wa ya ɗauki nauyin wannan zama?" Wani lokaci za su ce ba za su ambaci suna ba sai an tashi, don kada sanin ya karkatar da hira. Wannan sananne ne a aikin, ba lallai ha'inci ba ne. Amma kamfanin da ya tara ku dole ya bayyana kansa, ya kuma faɗa muku cewa maganar ta shafi zaɓe. Idan hankalinka bai kwanta ba, tashi ka tafi, ko a tsakiyar zama ne, babu wanda ya isa ya riƙe ka.

Doka tana bayanka a nan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sa ra'ayin siyasar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, tare da addininsa da ƙabilarsa da lafiyarsa. Ta ba ka damar janye amincewarka bayan ka bayar, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙorafi. Bayanan yara kuwa sai da yardar iyaye. Don haka idan aka ce ka kawo sunayen 'ya'yanka da hotunansu da sunan makarantarsu, tambayi dalili. Hira a kan tsadar karatu ba ta buƙatar hoton ɗiyarka.

Yanzu ku ƙara murya, ga alamomin na bogi.

Babbar alama ita ce katin zaɓe. Mai neman ra'ayinka bakinka yake buƙata. Duk wanda ya ce ka zo da katinka, ko ya ɗauki hotonsa, ko ya kwafi doguwar lambar da ke jikinsa, ko ya ce ka bar shi a wurinsa zuwa gobe, wannan ba bincike ya kawo shi ba. Kafin zaɓen 2023 INEC da kanta ta yi gargaɗi cewa wasu 'yan siyasa suna sayen katunan mutane. Za ka ce me zai yi da katina, tunda na'urar BVAS sai ta duba yatsa ko fuska? Ai ba sai ya yi zaɓe da shi ba. Ya raba ka da shi ranar zaɓe, ƙuri'a ɗaya ta ragu a akwatin da yake tsoro, buƙatarsa ta biya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗauki saye da sayar da katin zaɓe a matsayin laifi, da tarar da a lokacin take iya kai naira 500,000, ko ɗauri har shekara biyu, ko duka biyun. Ku lura, da mai saye da mai sayarwa duka ta kama.

Alama ta biyu, neman BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da aka turo maka ta waya, wai za a tura maka kuɗin mota. Mai tura maka kuɗi lambar asusu kaɗai yake buƙata.

Ta uku, kuɗin da aka ɗaura wa sharaɗi. Kuɗin mota ladan lokacinka ne da ka bar sana'arka. Kowa daidai ake ba shi, da wanda ya yabi gwamnati da wanda ya kushe ta. Da zarar an ce "sai ka yi alkawarin za ka zaɓi wane," ko aka ɗauko littafi mai tsarki aka ce a rantse, an bar bincike an shiga cinikin ƙuri'a, shi ma laifi ne a doka.

Ta huɗu, tambaya mai guba: "Da za ka ji cewa wane ya saci kuɗin marayu, za ka zaɓe shi?" Babu hujja, babu shaida, an dai jefa maka ita ka tafi da ita majalisa. Idan ka ga mai jagorantar zama ya fi kowa magana, yana yabon mutum ɗaya yana zagin wani, taron kamfe ne aka sauya wa riga.

Irin wannan tarko yana zuwa ta waya ma. Ku tuna badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica da ta fashe a 2018, inda aka kwashi bayanan masu amfani da Facebook har kimanin miliyan 87 ta hanyar wasu 'yan tambayoyi masu kama da wasa. Saƙon da ya ce "iyaye, ku cike wannan fom ku sami kyauta" a yi hattara da shi.

Saura magana ɗaya, kuma gara ku ji ta daga gare mu. Ko zaman na gaskiya ne, abin da ka faɗa makami ne a hannun wanda ya biya kuɗin zaman. A 1988, masu yi wa George Bush babba kamfe sun tara wasu masu zaɓe a garin Paramus na jihar New Jersey, mutanen da suka karkata ga abokin takararsa Michael Dukakis. Aka riƙa karanta musu wasu abubuwa game da Dukakis, ciki har da shirin jiharsa na barin fursunoni su je gida hutu. Kafin a tashi kusan rabinsu sun juya masa baya. Masu kamfen suka gane inda tsoron mutane yake, suka gina tallace-tallacensu a kai, Bush kuma ya ci zaɓe. Wato da zama iri ɗaya ake gano abin da iyaye ke buƙata, da shi kuma ake gano abin da ke firgita su.

Wannan ba dalilin ƙin zuwa ba ne. Dalili ne na zuwa da shiri. Idan an tambaye ka matsalar ilimi, kada ka tsaya a "ilimi ya lalace, sai addu'a." Faɗi abin da idonka ya gani: ajin ɗanka yara nawa ne, a benci suke ko a ƙasa, yaushe rabon da malamin lissafi ya shigo. Hajiya, in an zo maganar asibiti, faɗi ƙarfe nawa kika kama layi, me aka rubuta miki, nawa kika saya a kemis. Irin wannan magana ita ke shiga rahoto, ita kuma ke da wuyar murɗawa. Idan kowa ya ce fari kai kuma baƙi ka gani, faɗi naka cikin ladabi, don shi aka kira ka. Idan aka kunna muku waƙar kamfe ko aka nuna muku fosta, kada kunya ta sa ka ce ta yi kyau alhali ba ta yi maka ba. Wanda za ka zaɓa kuwa sirrinka ne, kana da ikon cewa "wannan na bar wa cikina."

Abin da maƙwabcinka ya faɗa a wurin amana ce. Kada a tashi ka kai shi majalisar mai shayi, ka haɗa shi faɗa da mutane. Kuma kada ka ɗauka an yi maka alkawari: mai jagorantar zama ba shi da rijiyar burtsatse a aljihu, saƙo kawai yake kaiwa. In kuma gobe ka ji ana shela cewa bincike ya nuna duk iyayen jiha kaza suna bayan wane, tambayi mutum nawa aka tambaya, su wa suka yi binciken, wa ya biya. Hirar mutum goma tana bayyana dalilai, amma ba ta isa ta faɗi wanda zai ci zaɓe ba.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Ga abin da za ku riƙe. Idan mai gayyata ya zo, ku yi masa tambaya uku: daga ina kake, me za a yi da maganata, kuma zan iya tashi in na ga dama? Ya amsa su sarai, ku je ku faɗi gaskiyarku, ku karɓi kuɗin motarku da halalinku. Ya nemi katin zaɓe ko lambar sirrin banki, ku sallame shi, ku sanar da ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ko jami'an tsaro mafi kusa. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman iyayenmu mata da ba su sami sauraro ba.

A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri.]